Toka Ta Yi Tsada a Tambuwal

Jama'a, a riƙa lallaɓa tokar murhu, a daina kwasarta ana kaiwa juji, domin ta yi daraja. Yau a Tambuwal, in kana so a san ka waye kuma aljihunka ya ji ɗumi, to ka shafe falonka da ruwan toka. In toka ta yi maka duhu, ga ruwan madara. In madara ta yi maka haske, ga ruwan ƙasa. In duk sun ruɗa ka, ga fari, amma kada ka yi murna tukuna, don shi ma farin yanzu ya hayayyafa: akwai fari tas, akwai farin da ya ji tsoro, akwai farin da ya kwana kusa da madara bai gaishe ta ba.

Waɗannan su ne launukan da masu sayar da fenti ke cewa ba sa faɗa da kowa. Ba su ja, ba su kore, ba su shuɗi, sun yi zamansu a tsakiya, 'yan ba-ruwanmu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, launukan da aka ce ba sa faɗa su ne suka fi haddasa faɗa a gidaje. Ja bai taɓa hana magidanci tuwon dare ba, domin kowa ya san ja ja ne. Ko kana so, ko ba ka so, magana ta ƙare. Amma ka ajiye ruwan madara iri shida gaban miji da mata ka ce su zaɓa, to ka tsaya kusa, za a buƙaci mai rabo.

Inda muka fito

Tambuwal ba jiya aka kafa ta ba. Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a garin nan ake tayar da bango, kuma ba a taɓa jin an kira taron dangi a kan launinsa ba. Ƙasar da aka haƙo bayan gari ita ce bangon, ita ce fentin. Magini ya cuɗa ta, ya yi tubali, ya ɗora, ya yaɓe. Mai son bangonsa ya jure wa ruwan sama sai ya nemi makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a shafa ta ta ba da duhun nan mai kyau. Masu hali su sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima. Mata su taru su yi daɓe suna waƙa. In Sallah ta ƙarato ko za a kawo amarya, a jiƙa farar ƙasa a shafe ɗaki. Launi uku ke nan: ƙasa, makuba, fari. Na huɗun hayaƙin murhu ne ke bayar da shi, kyauta.

Sai siminti ya zo. An kafa kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato a 1962, ya fara aiki a 1967, ga shi yau yana hannun BUA. Tun daga nan bangon ƙasa ya fara jin kunya. Wanda ya samu kuɗin gyaɗa ko na albasa sai ya rushe na kakansa ya ɗora bulo. Amma shi ma bulon yana da tasa kunyar. Gidan da aka yi wa filasta aka bar shi haka nan, launin siminti tsirara, kowa ya san fassararsa: kuɗi sun ƙare kafin gini ya ƙare. Masu wucewa su ce, "Allah sarki, Alhaji ya yi ƙoƙari, saura fenti." A wancan zamani ruwan toka launin mai neman a sa shi a addu'a ne.

Don gudun wannan addu'ar muka auka wa fenti. Kamfanoni irin su Berger, wanda ke Najeriya tun 1959, da CAP mai yin Dulux, suka yi ta turo kaya daga Legas, mu kuma muka yi ta shafawa ba ƙaƙƙautawa. Aka yi yayin shuɗi a sama, fentin mai kore a ƙasa, da baƙin layi a tsakiya don kada su haɗu. Aka yi yayin ruwan hoda a ɗakin amarya. Aka yi yayin bango huɗu launi huɗu, wanda in baƙo ya shiga sai ya nemi kujera da sauri kafin jiri ya ɗebe shi. Duk wannan saƙo ɗaya yake isarwa: ku gani, mun gama, har da canji.

To yanzu sai ga shi an wayi gari, bayan fiye da shekara hamsin muna gudun launin ƙasa da launin siminti, an ɗuro mana su a bokiti, an liƙa takarda mai sheƙi, mun bi layi muna saye. Mutum zai biya magini ya yi filasta mai ruwan toka, ya biya wani ya goge ta da farin shafe har ta yi sumul, sannan ya biya mai fenti ya mayar da ita ruwan toka. Biya uku, a dawo inda aka taso.

'Yan takara huɗu

Garin da ya fitar da Kakakin Majalisar Wakilai a 2011, mutumin da ya zama gwamna a 2015, ba za a koya masa zaɓen fidda gwani ba. Saboda haka bari mu jera 'yan takarar, kowa ya ji manufarsa.

Ruwan madara shi ne tsohon hannu. Ya daɗe a gwamnati: ka duba ofisoshi da azuzuwa da gidajen ma'aikata, za ka same shi a can yana jiran fansho. Ba ya burge kowa, ba ya ɓata wa kowa rai. Alƙawarinsa ɗaya ne, kuma yana cikawa: in ƙura ta hau shi ba a saurin ganewa, domin dangi ne. Laifinsa shi ne 'yan mata sun ce ya tsufa, wai ɗaki in an shafa shi sai ka ji kana jiran a kira lambarka.

Ruwan toka shi ne sabon yanka rake, ɗan takarar matasa. A waya ya yi kamfe, ta Instagram da TikTok, ya zo da fitilun silin da labule mai sheƙi da kujeru irin nasa. Ba ya tafiya shi kaɗai. Ranar da ka shafa shi, ranar tsofaffin kujerunka za su zama abin kunya, labulen ya bi su, ledar ƙasa ta bi labule. Ka shiga kanti da niyyar bokiti biyu, ka ƙare da sayar da bijimi.

Fari malamin unguwa ne. Kowa na girmama shi, kowa na yabon tsarkinsa, amma zama da shi sai mai haƙuri, domin ba ya rufa wa kowa asiri. Sauron da ka kashe daren jiya, fari zai ajiye shaidarsa har baɗi. Amfaninsa ba a musu: shi ya fi kowa mayar da haske, ƙaramin ɗaki ya ga ya buɗe. Sai dai gidan da ke da yara biyar da tukunyar manja, zaɓen fari neman magana ne.

Ruwan ƙasa kuwa ɗan gida ne da ya je birni ya sauya suna. Da can in an ce bangonka ruwan ƙasa ne, an zage ka a fakaice. Yanzu ya dawo da turare a jikinsa, ana ce masa launin gahawa da madara, ana ce masa launin yashin bakin teku, alhali in ka dube shi da kyau, shi ne dai wanda ka baro a katangar kakarka a Jabo.

Katin launi

Rikicin yakan fara ne daga waya. Hajiya ta ga wani falo a Dubai ko a Abuja, ta adana hoton, ta jira Alhaji ya ci ya ƙoshi, sannan ta miƙo masa.

"Alhaji, wanga nika so."

Alhaji ya duba, ya ga fari. Ya ce fari ne. Aka ce masa ba fari ba ne. Ya gyara tabarau, ya ce to madara ce. Aka ce masa ai madara ta fi haka rawaya. Daga nan mai hankali yakan yi shiru ya tambayi farashi.

Sai a ɗauki hanya, wani ya nufi Jega, wani ya yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Sakkwato, domin fentin da aka saya a gida ba ya shiga labari. A kanti a miƙo katin launi: 'yan murabba'ai jere, kowane bai fi farcen babban yatsa ba, kuma da wannan ɗan farcen ake so ka yanke wa bango huɗu hukunci. Alhaji ya ga duk ɗaya ne. Hajiya ta ga bambancinsu ya kai na dare da rana. Yaron kanti, wanda tun safe ya san abin da ya rage a sito, ya nuna wanda ya fi yawa ya ce, "Hajiya, wanga shi manyan mutane ka ɗauka." Magana ta ƙare. Ba a taɓa jin wanda ya ce shi ƙaramin mutum ne a ba shi wancan ba.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ke da wannan lalura. A Ingila akwai kamfanin Farrow & Ball, wanda a cikin launukansa akwai mai suna Numfashin Giwa, akwai Bayan Ɓera, akwai Mataccen Kifi, kuma masu kuɗi na biya su shafa suna alfahari. Ka kwatanta a ce wa surukarka an shafe ɗakin 'yarta da mataccen kifi. A Amurka kuma kamfanin Pantone tun shekarar 2000 yake naɗa wa duniya gwarzon launi duk shekara. A 2021 ya naɗa ruwan toka tare da rawaya. A 2025 ya naɗa wani ruwan ƙasa mai kama da gahawar da aka zuba wa madara. Wato masana suka zauna, suka yi nazari, suka ci kuɗin zama, suka gano launin da kowace katanga daga Dogon Daji zuwa Sanyinna ke sanye da shi tun kafin a haifi kakanninsu.

Ranar jere

Babbar kotun fenti ba kanti ba ce, ɗakin amarya ne. Ango ya kama gida, ya yi fenti gwargwadon ƙarfinsa, bisa umarnin da amarya ta turo masa a waya, har da hoto da kibiya. Ya zaɓi ruwan toka mai tsada, ya tsaya daga nesa yana jiran yabo. Sai ga motar 'yan jere ta tsaya. Gwaggon amarya ta sauko, ta gyara mayafi, ta leƙa ɗaki, ta ja da baya.

"Mi nika gani haka? Ba su ƙare aiki ba anka kira mu jere?"

Wata ƙawar amarya ta matso a hankali. "Gwaggo, ai an gama. Shi aka yayi yanzu."

"Yayi? Wanga siminti na tsirara! Ku kira min waliyyin ango. In babu kuɗɗin hwenti shi hwaɗi, mu yi karo-karo. Ɗiyarmu ba daga juji munka tsinto ta ba."

A nan za ka ga ƙarni biyu sun tsaya gaban bango ɗaya, kowa na kare mutuncin amarya. Gwaggo tana tsoron a ce an kai 'yarsu gidan da ba a gama ba. Ƙawaye suna tsoron a ce an kai ƙawarsu ɗakin ƙauye. Ka lura da kyau, babu wadda ta tambayi ko launin zai yi wa mai kwana a ɗakin daɗi. Tsoron kowa ɗaya ne: kada a ce. Da bango muke cewa muna shawara, alhali da bakin mutane muke yi. Muna fenti ne domin 'yan ganin ɗaki, waɗanda za su zo su yi rabin sa'a, su ɗaga labule, su latsa katifa, su buɗe kwabet, su ci cincin, su tafi suna cewa na 'yar wance ya fi. Ita kuwa wadda za ta yi shekaru tana kallon bangon nan, ita ce ta ƙarshe da za a ji ra'ayinta na gaskiya, domin ita ma ra'ayin nata aro ne daga waya.

Bari shi bushe

Tsakanin katin launi da bango akwai wani bawan Allah da ba a cika sa shi a lissafi ba: mai fenti. Shi yana da nasa ilmin. An kawo masa bokiti mai lita 20 an ce ya isa falo da ɗaki biyu da baranda, alhali shi ya san ba zai isa ba. Ba ya gardama da mai gida. Rijiya na kusa. Da haka ruwan madara kan koma ruwan da aka ɗauraye kwanon madara. In kuwa an sayo isasshe, wani lokaci sai ka ga bango ya sha shafi ɗaya, bokitai sun ƙare, ka tsaya kana tambayar kanka: in ba ƙira, me ya ci gawayi? Bayan mako guda sai ka ga shagon wani mai aski ya yi fes da launin falonka.

In aka tare shi da ƙorafi, amsarsa ɗaya ce tun daga Tambuwal har Kebbe: "Ranka shi daɗe, bari shi bushe." Kuma abin haushin, yana da gaskiya rabi, domin fentin ruwa yakan sauya kama in ya bushe. Sauran rabin shi ne, kafin ya bushe an biya shi ya hau babur.

Akwai kuma fentin araha, wanda aka cika wa farin gari aka rage masa danƙo. Wannan shi ne fenti mai rakiya: baƙo ya jingina da bango, ya tashi ya tafi gida da rabin falonka a bayan babbar rigarsa. Araha dai ba ta ado. Haka mai gaggawar da ya shafa fenti a kan ɗanyar filasta don kada ranar biki ta kuɓuce. Damina na zuwa bangon zai yi ƙuraje, ya fara saɓa, farin gishiri ya fito daga ƙasa.

Amma ba kowane laifi ne na mai fenti ba. Kowane ɗan ba-ruwanmu yana da jam'iyyar da yake yi wa aiki a ɓoye. Wata tokar ta karkata wajen shuɗi, wata wajen kore. Wata madarar ta karkata wajen rawaya, wata wajen hoda. Haske ne ke tona su. Farin ƙwan lantarki yakan sa madara ta koɗe, toka ta ƙara sanyi. Ƙwai mai rawaya yakan sa toka ta yi dauɗa-dauɗa. Tagar gabas da ta yamma ba launi ɗaya suke nuna maka ba. Fuskar waya kuwa haskenta daga cikinta yake fitowa, shi bango sai an ba shi yake mayarwa. Shi ya sa Hajiya ba ta yi ƙarya ba da ta ce, "Alhaji, ba wanga nac ce ba, wanda nag gani ya hi shi haske." Abin da ta gani gilashi ne mai wuta a ciki. Abin da aka kawo mata bango ne, a garin da ita wutar ma sai ta ga dama.

Kuma ko da wutar ta zo, mu da kanmu mun riga mun yanke wa launin hukunci. Bayan an yi wata guda ana jayayya tsakanin madara mai haske da madara mai ɗan duhu, sai a kawo labule mai kauri ninki biyu a rufe taga ruf, a jera kwabet ta cinye bango guda, a kafa talabijin a na biyu, a rataya hoton Ka'aba da agogo da kalandar ɗan takara a na uku. Abin da ya rage na fentin bai fi shimfiɗar darduma ba, kuma yana bayan ƙofa.

Masu yanke hukunci

Duk wannan zaɓe da muke yi, akwai masu soke shi ba tare da sun je kotu ba. Na farko hunturu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska kan kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe. Ƙurar Sahara har dajin Amazon take kaiwa, bayan ta ƙetare teku. Ƙurar da teku bai tare ta ba, ba labulenka ne zai tare ta ba. Kafin watan Fabrairu, mai fari da mai madara da mai toka duk sun koma jam'iyya ɗaya.

Na biyu yara. Yaron da aka yi wa dukan duniya ya rubuta baƙi a allo ya ƙi, shi ne zai cika maka sabon bango da gawayi cikin ɗan lokacin da uwarsa ta shiga wanka. Na uku su ne manya: man kan da Alhaji ke bari daidai inda yake jingina, hayaƙin turaren wutar Hajiya, hayaƙin maganin sauro, da kusurwar nan da wani tsohon baƙo mai cin goro ya ɗauka ba a ganinsa.

Saboda haka ga shawara, kyauta, ba sai an biya kuɗin zama ba. Ka sayi ƙaramin galan ka shafa faɗin tabarma a bangon, ka dube shi da safe, da azahar, da dare, da wuta da kuma ba wuta. Ka bar filasta ta yi makonni ta bushe. In kana da yara ka nemi fentin da ake gogewa da ruwa, ko da zai ci maka kuɗin labule guda. Ka tsaya a kan mai fenti da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Sannan ka tambayi wanda zai kwana a ɗakin, ba wanda zai leƙo ba. In shuɗi ke faranta maka rai, ka shafa shuɗinka ka sha iska. Masu magana za su yi ko da zinariya ka shafa, sai su ce ta yi ƙyalli da yawa.

Ku kuma 'yan'uwana na ƙauyukan Kebbe, mutanen Kuchi da Girkau da har yanzu ke zaune cikin ginin ƙasa, ina roƙonku kada ku yi gaggawar rushewa. Ku ƙara haƙuri kaɗan. Yadda lamarin nan ke tafiya, ba za a daɗe ba wani kamfani zai ɗura makuba a gwangwani, ya sa mata sunan da harshe ba ya iya furtawa, ya kawo ta Legas a jirgin ruwa. Ranar nan Alhazan birni za su zo da manyan motoci suna ɗaukar hoton katangarku don su nuna wa mai fenti. In sun zo, ku karɓe su hannu bibbiyu, ku ba su ruwa su sha, amma hoto kam, kowane ɗaya a biya.